Darasi na Bakwai: Gwada Shan Ruwan Ƙasa Kafin a Haƙa Sokawe

Sokawe rami ne da ake haƙawa a cika shi da duwatsu ko a zagaye shi da bulo mai ɓula, domin ruwan da ya sauko daga rufin gini ya taru a ciki, ƙasa ta riƙa shanye shi sannu a hankali. Amma ba kowace ƙasa ce ke shan ruwa ba. Rairayi da tsakuwa nan da nan suke zuƙe shi. Yumɓu kuwa sai ya kwana da ruwa kamar an zuba a kwano. Ido kaɗai ba ya raba gardama a nan, domin sau da yawa saman fili yashi ne, taku biyu a ƙasa kuma laka ce mai danƙo.

Ga yadda ake gwajin. Ana bukatar diga, shebur, tef na awo, sanda miƙaƙƙiya, agogo, da ruwa mai yawa. A haƙa a daidai wurin da za a yi sokawen, har zuwa zurfin da bututun da ke kawo ruwan zai shiga. Daga nan a sake sara ƙaramin rami a gindin, tsawo santimita 30, faɗi 30, zurfi 30. Bakin shebur yakan shafe bangon rami ya yi sumul, ya toshe ƙofofin da ruwa ke bi, don haka a karce bangon da ƙusa, a kwashe ɓurɓushin.

A cika ƙaramin ramin da ruwa a bar shi ya kwana. Wannan matakin ne masu gaggawa suke tsallakewa, kuma shi ne ya fi muhimmanci. Busasshiyar ƙasa mai ƙishi ce, guga na farko kafin ka juya ta shanye shi, sai ka ɗauka ka dace. Alhali abin da muke son sani shi ne halinta bayan ta ƙoshi, lokacin da aka kwana biyu ana ruwa.

Washegari a kafa sandar a tsakiya, da alama biyu a jikinta: ɗaya a santimita 22.5 daga gindi, ɗaya a 7.5. A sake cika ramin. Da ruwa ya sauko kan alamar sama a duba agogo, da ya kai ta ƙasa a sake dubawa. Tsakaninsu milimita 150 ne. A mayar da lokacin zuwa daƙiƙa a raba da 150. Misali, minti 50 daƙiƙa 3,000 ke nan, a raba da 150 ya ba da 20. A yi haka sau uku, a haɗa sakamakon a raba da uku.

Ƙaramar lamba na nufin ƙasa na sha da sauri. Ga ruwan sama wannan alheri ne. Ga ruwan da ya fito daga tankin masai kuwa saurin ma matsala ne, domin ƙazantar za ta isa ruwan ƙarƙashin ƙasa tun ba ta tace ba. A ƙa'idar gini ta Ingila, in lambar ta haura 100 ana ganin ƙasar ba ta dace da shanye ruwan tankin masai ba, kuma ana son sokawen ruwan sama ya yi nisan aƙalla mita 5 da gini, ya kuma shanye rabin abin da ya tara cikin awa 24. In ana haƙa sai ruwa ya fara tsattsafowa daga gindi, a dakata, wurin ba na sokawe ba ne. Babban gini kuma ƙaramin ramin nan bai ishe shi ba, sai injiniya ya sa an haƙa babba a wurare da dama na filin.

Aikin yi: ruwa ya ɗauki awa 2 da minti 30 daga alamar sama zuwa ta ƙasa. Daƙiƙa nawa ke nan? Raba da 150, ka rubuta amsar a littafinka.