Shirin dogon hutu da masu buƙata ta musamman a Legas: inda ake yawan tafka kuskure

Da an rufe makarantu a ƙarshen Yuli, islamiyyu da ƙungiyoyin matasa a Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12 kan buɗe darasin hutu. Yanzu wasu har sanarwa suke yi cewa a kawo makafi da kurame da guragu, yara da manya. Madalla da wannan. Sai dai yawanci an riga an gama tsara komai don masu lafiya, sannan a tuna da su daga baya, kuma daga nan kusan duk kurakuran suke tasowa.

Wuri shi ne na farko. A kama aji a saman bene, in ka yi magana a ce maka, "Ai ɗaukarsa za mu yi." Saurayi ɗan shekara 14 ba ya son ƙarti biyu su riƙa ciccibarsa a gaban sa'o'insa kullum, ko da bai faɗa ba. A nemi ɗakin ƙasa. In akwai dakali a ƙofa, kafinta ya yi gangara ta katako mai ƙwari, duk inci ɗaya na tsayin dakalin a ba shi ƙafa ɗaya na tsawon gangarar. A duba siririn katakon nan da ake ɗorawa kan kwata a ƙofar gida, wanda da damina santsi yake yi, keken guragu ba zai bi ta kansa ba. Banɗaki kuwa shi aka fi mantawa: ƙofa ƙunci, masai na tsuguno, babu abin dafawa. Yaron da ya san ba zai iya shiga ba sai ya ƙi shan ruwa yini guda. Gaskiya ne Legas tana da dokar kare haƙƙin nakasassu tun 2011, da hukumar LASODA mai kula da al'amuransu, kuma dokar tarayya ta 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara mashigarsu. Duk da haka kada ka biya kuɗin haya sai ka je da mai keken guragu ya gwada wurin da kansa.

Sai takardar rajista, wadda ba ta wuce suna da lambar waya. Iyaye da yawa suna ɓoye lalurar 'ya'yansu saboda gori, musamman farfaɗiya. In ka tambayi uwa a cikin mutane, "Yana da wani ciwo?" lafiya lau za ta ce. Mace 'yar kwamiti ta ja ta gefe ta ce, "Maman Sadiya, in abin ya tashi mata a gida, yaya kuke yi?" Nan za a ji sunan maganin, da lokacin shansa, da abin da ke tayar da ciwon.

Farfaɗiyar nan ta cancanci a tsaya a kanta, don a nan ne kuskure kan zama ajali. Yaro ya faɗi, wani ya ruga neman cokali ya cusa masa a baki, wata ta kawo manja ko ruwa a ɗura masa, wasu su danne shi, sauran su watse wai kada yawunsa ya taɓa su. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, kuma mutum ba ya haɗiye harshensa. Cokali haƙori yake karyawa, abin da aka ɗura kuma huhu yake iya wucewa. Abin yi kaɗan ne: a kawar da benci da duk abin da zai buge shi, a sa masa mayafi ko riga a ƙarƙashin kai, a kwantar da shi ta gefe, wani ya duba agogo. In jijjigar ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, a kira lambar agajin gaggawa, 112 ko 767, ko a nufi asibiti. Addu'a ba ta hana ko ɗaya daga ciki. A koya wa duk masu sa kai wannan tun kafin ranar buɗewa, har da mai gadi da mai dafa abinci.

Mai sikila yana buƙatar ruwan sha a kusa, kada ruwan sama ya dake shi, kada a tilasta masa gudu. Zabiya a ba shi inuwa da hula mai faɗi da kujerar gaba, don idonsu yana da rauni.

Kurame kuma ana zaton tafinta ɗaya ya wadatar. Yaron da ke makarantar kurame ta Wesley a Surulere yaren hannu na boko ya koya, wanda tushensa na Amurka ne. Dattijon da ya taso a Kano mai yiwuwa maganar hannu ta Hausa ya iya, kuma ba ɗaya ba ne. A tambaya kafin a ɗauko tafinta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a gayyato su sannan a ware musu lungu da tabarma, suna kallon sauran suna wasa. To me ya fito da su daga gida? Wasan ake gyarawa. A ƙulle ƙwallo cikin leda, ƙararta za ta nuna wa makaho inda take. A musabaƙar hadda kuwa sau da yawa sai dai masu ido su yi hattara. A rage ƙarar lasifika, a nesanta janareta, a tanadi ɗaki ɗaya marar hayaniya don yaron da surutu ke rikita shi.

Manya su ma ana musu kallon yara. A tsallake makaho magidanci a tambayi ɗan jagoransa, "Me Baba zai ci?" Baba yana ji, shi za a tambaya. A sa ɗaya ko biyu daga cikinsu a kwamitin shirya taron tun zaman farko. Hoto kuma, kada a ɗora fuskar kowa a Facebook yana karɓar ledar shinkafa sai da yardarsa ko ta iyayensa.

Kuɗin zirga-zirga a sa shi a kasafi tun farko. Danfo ba ya jiran a naɗe keke, acaba kuma an hana shi a ƙananan hukumomi da dama tun 2022. Uwar da za ta goyo ɗa mai shekara 10 daga Alaba Rago zuwa Agege cikin cunkoso, kwana biyu za ta yi ta daina zuwa. Gara a ɗauki shatar bas guda, ko a raba shirin gida biyu, kowace unguwa da nata.