In kana da mai keken guragu a gida, karanta wannan kafin ka kama haya a Ingila

Satin da ya wuce wani ƙaninmu da ya zo da iyalinsa ya kira ni yana murna wai ya samu gida mai araha, har ya biya kuɗin ajiya, na ce hawa na nawa ne, ya ce ai ejan, wato dillalin gidan, ya ce masa "first floor" ne, wato ƙasa kenan. Na yi shiru. A ƙasar nan in an ce haka, saman bene ake nufi, sai ka hau matakala, na ƙasan sunansa daban. Kuma matarsa da sanduna biyu take tafiya. Abin da ya faru da ni kenan sak lokacin da na zo da 'yata wadda ba ta iya takawa, shi ya sa na ce bari dai in rubuta ko wani zai tsira.

Maganar zirga-zirga ba zan ja ta ba don ita ce mai sauƙin. Bas ɗin Landan duk suna da gangare da ke saukowa daga ƙofa, mai keken guragu kuma ba ya biya. Jirgin ƙasa akwai Passenger Assist, tsarin taimaka wa fasinja mai lalura, ka sanar da su awa 2 kafin tafiya su tanadi mai taimaka muku. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ne dai sai ka duba taswira tukuna, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai na tashoshin ba su da matakala. Ka sayi makullin RADAR na banɗakin masu buƙata ta musamman, ka nemi Blue Badge, katin ajiye mota na naƙasassu, a kansul, wato ƙaramar hukuma, bai wuce fam 10 ba a Ingila. Amma don Allah kar ka ara wa aboki katin ya je kasuwa da shi, tarar tana kaiwa fam 1,000, kuma na ga wanda aka kama.

Gida shi ne inda kuka yake. Kowa ya sauko jirgi da labarin wai Turawa suna da doka, ko'ina an gyara wa naƙasassu. E akwai doka, Equality Act ta 2010, kuma tana aiki a banki da asibiti da kanti da makaranta, dole su yi gyara daidai gwargwado tun kafin ma ka zo. To amma gidan haya fa daban ne, dokar ba ta tilasta wa mai gida ya rushe matakala ko ya faɗaɗa ƙofa ba. Abin da ta ɗora masa ƙanana ne, irin canza mariƙin ƙofa ko kan famfo ko ƙararrawar ƙofa, ko ya sassauta wata ƙa'ida kamar ta hana kare in karen jagora ne, wannan ɗin ma sai ka nema. Gidajen da aljihun sabon zuwa ke iya kamawa kuwa yawanci tsofaffi ne tun zamanin Sarauniya Biktoriya, matakala a miƙe kamar tsani, lungu matsattse.

Ni ban san wannan ba. Hoto na gani a waya na sa hannu a kan shekara guda. Matakala 14 ce, na ƙirga ta har na gaji da ƙirgawa, kullum safe in goya yarinya 'yar shekara 9 in sauko da ita in zaunar a dandamalin ƙofa cikin sanyi, in koma in ɗauko keken, da yamma a sake. Ƙofar banɗakin kuma keken ba ya shiga, saura kamar yatsa uku. Na kira mai gidan ya fi sau goma, kullum sai ya ce zai duba, ni kuma da kunyarmu ta gado ina ta godiya ina ba shi haƙuri kamar ni na yi laifi. Ranar da bayana ya riƙe na je neman shawara kan matsalar gidan, tambayar farko da mai ba da shawarar ta yi min ita ce ina takardar da ka rubuta masa. Babu. Wata bakwai na surutu a waya duk ya bi iska.

Saboda haka ka je da ƙafarka, da tef ɗin awo a aljihu. Ka auna faɗin keken, ka auna ƙofar waje da ta banɗaki, ka duba baho ne ko shawa, in akwai lif ka tambayi maƙwabta sau nawa yake lalacewa, kar ka tambayi ejan. Duk abin da za ka nema wurin mai gida ka tura ta imel da kwanan wata. In kai za ka yi gyaran da kuɗinka, ba shi da ikon hana ka haka kawai ba tare da hujja ba, amma ka karɓi amincewarsa a rubuce.

Sannan ka kira kansul ɗin unguwarku ka nemi su turo jami'in da ke duba yadda mai lalura ke rayuwa a gida, kyauta ne. A nan mutanenmu ke ba ni haushi wallahi, a tambaye su ya kuke fama su ce alhamdulillahi da sauƙi, jami'in kuma abin da ka faɗa shi zai rubuta ya tafi. Gode wa Allah daban, bayani daban. Ka faɗi ranar da ta fi muni, ka nuna masa yadda ake shiga wanka. Ƙananan gyare-gyare da ba su kai fam 1,000 ba, irin ƙarfen dafawa a bango, kansul ke yi kyauta in sun ga buƙata. Babban aiki kuma akwai tallafin gyaran gida na naƙasassu, Disabled Facilities Grant, har fam 30,000 a Ingila, sai dai ana so ya zama kana da niyyar zama a gidan shekara 5, kuma in ka yi garaje ka fara aikin kafin su amince kana iya rasa kuɗin gaba ɗaya.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: in bizarka ta hana ka cin kuɗin tallafin gwamnati, to PIP da DLA, wato kuɗin tallafin da ake ba masu lalura, suna ciki, kar wani a guruf ɗin WhatsApp ya ce maka cika fom kawai ba komai. Ka je Citizens Advice, ofishin ba jama'a shawara, ko wurin lauyan shige da fice kafin ka sa hannu.

Mutanenmu kam ba daga nan ba, ranar da muka tashi daga gidan nan samari shida ne suka zo da mota tun asuba, ko kuɗin mai sun ƙi karɓa. Amma har yau ɗakin da muke taron wata-wata a saman bene yake ba lif, na yi magana sau uku ana ce min za a duba. Na fara tunanin su ma imel zan tura musu.