Yadda za ka gane ƙarar da ke cin kunne, da yadda za ka tsare naka

Tun ina saurayi nake riƙe da injin niƙa a Tawa, kuma kunnena na hagu ya riga ya yi nauyi. Shi ya sa duk yaron da aka kawo mini koyon aiki, kafin ya taɓa injin sai na koya masa sauraro.

Fara da rarrabe ƙarar. Hayaniyar masu jiran gari cika kunne kawai take yi. Rugugin inji mai lafiya kuwa har a ƙirji kake jin sa. Wadda na fi tsoro ita ce siririyar nan mai kaifi, ƙiii, idan hatsi ya ƙare ƙarfe ya hau ƙarfe. Ita ce ake cewa kamar za ta fasa dodon kunne. Dubi yadda muke faɗa: a ƙwalla ƙara, a kurma ihu, a daka tsawa, a rangaɗa guɗa. Guɗa ma da kaifinta, amma numfashi ɗaya ce ta wuce. Inji ba ya numfashi.

Sai gwaji. Tsaya kusa da mutum, tsawon hannu tsakaninku. In sai ka ɗaga murya yake jin ka, ƙarar ta kai wajen desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara). A nan iyakar kunne awa 8 ce a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2. Rugugin ma yana cikin wannan lissafi.

Nemi abin toshe kunne na soso. Murza shi ya sirance, ja kunnen sama da ɗaya hannun, tura shi ciki, ka riƙe har ya kumbura. Auduga ba ta tare abin kirki, na yi shekaru ina dogara da ita. Kada ka bar injin yana juyawa ba hatsi. Mai goyo kuma, don Allah, ta jira a waje.

Idan ka tashi aiki kunnenka ya yi dum, ko da dare kana jin kamar kukan gyare alhali babu shi, ƙwayoyin ji na can ciki ne suka wahala, kuma in sun mutu ba sa sake tohowa. Kada ka ɗiga mai, kada ka sa tsinke. Je wurin likita ka faɗa masa irin ƙarar, awa nawa kake cikinta, da kunnen da ya fi damun ka.