Yadda Ake Rubuta Taken Shafi Don Ya Fito a Google

Yawancin masu sabon shafin intanet tun a taken shafi suke faɗuwa, wato layin da mutum ke gani ya danna a sakamakon binciken Google. Mutum ya kashe kuɗi an gina masa shafi tsaf, kana duba taken sai ka ga "Barka da Zuwa" ko "Gida". To wa zai shiga Google ya buga "barka da zuwa" alhali atamfa yake nema?

Abu na farko, kuma nan ne aikin yake: gano abin da mai nema ke bugawa a wayarsa. Buɗe Google, rubuta "farashin atamfa" ko "yadda ake haɗa", ka dakata. Jerin da zai sauko maka a ƙasa daga abin da mutane ke nema yake fitowa, kuma kyauta ne. Kada ka yi gaggawar biyan daloli ga manhajojin binciken kalmomi. In da Hausa kake rubutu, abin da za su ba ka bai taka kara ya karya ba. Ka kuma tuna cewa mutane da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ a allon wayarsu, "kosai" suke bugawa. Ni dai ina rubuta take da ƙugiya yadda ya kamata, amma sai na gwada neman duka biyun na ga wanda ya fi fitar da shafuka irin nawa.

Da ka samu kalmar, sa ta a gaba. "Farashin Atamfa a Kantin Kwari, Kano" ya fi take mai farawa da sunan shagonka, wanda babu mai saninsa tukuna. Sunan shago ya koma ƙarshe, in da sauran wuri. Wurin kuwa kaɗan ne: a kwamfuta Google na yanke take in ya wuce faɗin kusan fiksel 600 (ƙananan ɗigon allo), wato haruffa 60 ko ƙasa da haka.

Kada ka cusa kalma ɗaya sau uku, "atamfa, atamfa mai rahusa, atamfa Kano". Tun watan Agusta 2021 Google ya sauya tsarinsa, in bai gamsu da takenka ba sai ya sake shi da kansa, sau da yawa daga babban kanun da ke saman shafin. Saboda haka take da kanun su yi magana ɗaya. Kowane shafi kuma da nasa taken, banda kwafi.

In WordPress kake amfani da shi, ƙananan manhajojin da ake ɗora masa, Yoast SEO ko Rank Math na kyauta, sun isa ka rubuta taken ka ga yadda zai fito. Bayan 'yan makonni leƙa Google Search Console, inda Google ke nuna maka sau nawa shafinka ya fito a bincike da sau nawa aka danna shi. Shafin da ake yawan nunawa amma ba a dannawa, shi za ka sauya wa take, sannan ka bar shi ya zauna kafin ka sake taɓawa.