Yadda Ake Dafa Gahawa a Tukunyar Moka ta Italiya

Da wuya ka leƙa kicin a Italiya ba ka ga wata 'yar tukunyar alminiyom mai kusurwa takwas ba. Moka ke nan. Alfonso Bialetti ne ya fito da ita a 1933, ɗansa Renato kuma ya yaɗa ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da Renato ya rasu a 2016, cikin wata ƙatuwar moka aka zuba tokar gawarsa.

Hawa uku gare ta: gindi, inda ruwa yake zama, mazurari a tsakiya, inda garin gahawa yake, sai sama, inda dafaffiyar take taruwa. A ƙarƙashin na saman akwai zoben roba da matacin ƙarfe, a jikin gindin kuma wani ɗan bawul. Idan ruwa ya ɗau zafi, tururi ne yake tura shi sama ta cikin garin. Matsin bai wuce bar 1 zuwa 2 ba (bar ma'aunin matsi ne), na'urar esfireso kuwa, wato injin yin gahawa mai ƙarfi a shago, bar 9 take bayarwa, don haka kada ka sa ran kumfa mai kauri irin ta shagon gahawa.

Zuba ruwa ya tsaya daidai ƙasan bawul. Ya rufe shi, to bawul ya tashi daga aiki, kuma shi ne mai fitar da tururi idan hanya ta toshe. Mokar finjali uku tana ɗaukar kusan mililita 150 na ruwa da wajen giram 15 na gari. Finjalin Italiyawa ake nufi fa, wanda kurɓi biyu ya ƙare. Ba a yi wa moka rabin cika. Mai shan gahawa shi kaɗai ƙarama yake saye.

A wajen gari yawancin mutane suke ɓata aikin. Ya kasance mai ɗan tsaki-tsaki kamar gishirin tebur, bai kai laushin na esfireso ba. Cika mazurari, ka baje da yatsa, amma kada ka danna. Garin da aka danne ko ya yi laushi da yawa yana riƙe ruwa, zafi ya yi ta hauhawa, gahawa ta fito da ɗaci da ƙauri, wani lokaci bawul ya kama huci. In kuma niƙan bai yi ba, ruwa zai wuce salin-alin, ka samu tsararo. Kafin ka ɗaure, share bakin gindin. Ƙwayar gari ɗaya a kan roba ta isa ta sa yoyo. Jikin tukunyar ake kamawa a murɗa, ba mariƙin ba, don yana karyewa.

Wuta kaɗan-kaɗan, kada harshenta ya wuce faɗin gindin, in ba haka ba mariƙi ya narke. Buɗe murfi ka sa ido: gahawa za ta fara gangarowa a hankali, baƙa wuluk. Da launin ya fara haske, ka ji ta fara ƙuru-ƙuru, sauke. Ragowar da ke fitowa da tartsatsi ita ce mai ɗacin. Wasu har tsoma gindin suke cikin ruwan sanyi don ta tsaya cak. Sai ka juya da cokali kafin rabo, domin ta farko ta fi ta ƙarshe ƙarfi.

A kudancin ƙasar, musamman Nafoli, akwai wata dabara: a ɗebi ɗigon farko a zuba kan cokali biyu na sukari, a buga har ya zama kirim mai ruwan ƙasa, a ɗora kan kowane finjali. Da safe kuwa da madara mai zafi ake haɗa ta.

Wanki da ruwan ɗumi kawai. Italiyawa da yawa ba sa bari sabulu ya taɓa ta. Injin wanke kwanuka yana dusashe alminiyom ya bar shi toka-toka. A kwance ta, kowane hawa ya bushe daban, don danshi yana haifar da fararen tabo a ciki. Sabuwar tukunya a dafa sau biyu ko uku a zubar. In tururi yana fita ta gefe duk da ka ɗaure tamau, roba ce ta taurare, a sauya ta. Ta alminiyom ba ta aiki a murhun lantarki mai maganaɗisu, sai dai a nemi mai gindin ƙarfe.