Yadda za ka zaɓi tambayoyin gwaji da kayan karatu kafin ka zana CCNA

Ɗan'uwa in dai ka ƙudiri niyyar zana CCNA, wato jarabawar satifiket ɗin netwok ta kamfanin Cisco, kafin ka sayi komai ko ka ƙona data wajen sauke bidiyo, ka fara shiga shafin Cisco ka ɗauko jerin batutuwan jarabawar CCNA mai lamba 200-301, kyauta ne. Duk littafi ko kwas ko tambayoyin gwajin da wani ya tura maka, da wannan jerin za ka auna shi. Jarabawar ta fara ne a Fabrairun 2020, sai a Agustan 2024 aka sabunta ta zuwa v1.1 aka ƙara ƴan abubuwa kan AI da makamantansu, toh duk kayan da ka ga suna ta maganar ICND1 da ICND2 ko 200-125, wato tsofaffin jarabawowin CCNA, sun tsufa, ka ajiye su, za su cinye maka makonni kana koyon saita EIGRP, wata ƙa'idar rautin (zaɓar hanyar da data za ta bi a netwok), alhali ba za a ce ka saita shi ba.

A jerin nan za ka ga yadda aka raba makin. Ɓangaren IP Connectivity shi ne babba, kashi 25 cikin ɗari, nan ne ƙa'idar rautin ta OSPF da karanta teburin rautin suke. Tushen netwok 20, ɓangaren suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci) da VLAN (raba netwok ɗaya gida-gida) da wayales 20, tsaro 15, sai IP Services da otomeshan kowanne 10. Da wannan za ka raba lokacinka.

Maganar kayan karatu kuma, shawarata kwas ɗaya na bidiyo, littafi ɗaya, shikenan. Abin da ke hana mutanenmu gamawa shi ne tara kaya, a shiga guruf na Telegram a sauke PDF kala ashirin da kwasa-kwasai biyar, a fara wannan a bari a koma wancan, wata shida ana nan a babin OSI na farko-farkon karatu. Jeremy's IT Lab a YouTube kyauta ne kuma ya bi batutuwan daki-daki, har da fayilolin lab, wato gwajin aiki da hannu, da katin tuni na manhajar Anki. In kana son littafi, na Cisco Press wanda Wendell Odom ya rubuta juzu'i biyu ne, ka tabbatar bugu na biyu ka samu, shi ya dace da v1.1.

Yanzu ga inda nake son ka nutsu, tambayoyin gwaji. Mai kyau ana gane shi ne da bayanin da ke ƙarƙashin kowace tambaya. Ya gaya maka dalilin da ya sa B ce daidai, kuma ya gaya maka dalilin da ya sa A da C da D ba su yi ba, don sau da yawa abin da za ka ƙaru da shi yana cikin amsoshin da ba daidai ba ɗin nan ne. In ka buɗe ka ga tambaya da amsa kawai babu bayani, rufe shi. Ka duba kuma ko yana fitar maka da sakamako ɓangare-ɓangare, don ka san ko ACL (dokokin tace data) ce ke kayar da kai ko STP (hana data zagaye tsakanin suwic), sannan ko yana da agogo na minti 120 kamar ainihin jarabawar. Boson ExSim ya yi suna a wannan fannin, na kuɗi ne kuma da dala, amma bayaninsa shi kansa karatu ne. Littafin Odom ma yana zuwa da nasa tambayoyin in ka saya sabo.

Damps kuwa, wato tambayoyin da aka sato daga jarabawar ake yawo da su, don Allah ka nisance su. Na farko Cisco ta haramta, in aka kama ka za a iya soke satifiket ɗinka a hana ka sake zanawa. Na biyu amsoshin ciki da yawa kuskure ne, wanda ya haɗa shi ma hasashe ya yi. Abin da ya fi damuna shi ne ranar intabiyu, a ajiye maka suwic biyu a ce haɗa tarank, wato layin da ke ɗaukar VLAN da yawa, tsakanin waɗannan biyun ka tsaya kana kallo, takarda a hannu aiki babu, wallahi abin tausayi ne bayan duk kuɗin da aka kashe.

Kuma ko mai kyau ka samu kar ka ƙona shi da wuri. In saiti uku ne, na farko ka yi shi bayan ka gama kwas, ka buɗe littafin rubutu ka riƙa rubuta duk tambayar da ka faɗi da dalili, har wadda ka ci da cinke ka sa ta ciki. Na ƙarshe ka ɓoye shi sai saura sati ɗaya, ka zauna a ɗaki waya a kashe, kuma kar ka koma tambayar da ka wuce, don a jarabawar Cisco in ka danna gaba babu dawowa. Maimaita saiti ɗaya har ka riƙa cin 95 hadda ce kawai. Cisco ba ta bayyana makin ci, ni dai sai in ce in kana wuce 85 a saitin da ba ka taɓa gani ba, ka kusa.

Lab kuma kullum. Packet Tracer, manhajar kwaikwayon netwok, kyauta ne in ka yi rajista a NetAcad, shafin koyarwa na Cisco, ƙaramar laftof ma tana ɗaukarsa. Duk abin da ka kalla yau ka gina shi da hannunka, ka ɓata shi da gangan, ka nemo matsalar da umarnin show ip route ko show vlan brief. Sabnetin kuma, wato lissafin raba adireshin IP, a takarda da biro, ko minti goma ne a rana, don babu kalkuleta a ɗakin jarabawa.

Kuɗin jarabawar dala 300 ne, in ka faɗi sai ka jira kwana biyar kuma ka sake biya gaba ɗaya, ka san me wannan ke nufi a naira. Ana iya zanawa daga gida ta intanet da tsarin OnVUE amma da yanayin wuta da netwok ɗinmu gara ka nemi cibiyar zana jarabawa ta Pearson VUE mafi kusa da kai, kuma sunan da ka yi rajista da shi ya zama daidai da wanda ke jikin katin shaidarka, harafi da harafi.