Yadda Ake Auna Ko Tiyatar Baifas ta Zuciya Za Ta Biya Kuɗinta

Idan likita ya ce jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini sun toshe, kuma ya kawo maganar tiyatar baifas, wato ɗauko wata jijiya daga jiki a yi wa jini sabuwar hanya da za ta kewaye wurin da ya toshe, kada iyali su yanke shawara da kuɗin ranar aiki kaɗai, domin abin da ya kamata a auna shi ne jimillar kuɗin da za a kashe cikin shekaru biyar zuwa goma, da irin lafiyar da za a samu a madadinsa.

A fara da hoton jijiyoyin zuciya, a tambayi likita jijiya nawa ce ta toshe, kuma a wane wuri. Wanda jijiya ɗaya ce kawai ta ƙuntace masa, sau da yawa magani ko sanya ƙaramin bututun waya da ke buɗe jijiya ya wadatar, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Amma ga mai jijiyoyi uku a toshe, musamman idan yana da ciwon suga, lissafin yakan juya. Binciken FREEDOM da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa masu ciwon suga da aka yi wa tiyata sun fi waɗanda aka sanya wa bututu tsira daga mutuwa da bugun zuciya, ko da yake shanyewar ɓarin jiki ta ɗan fi yawa a cikin waɗanda aka yi wa tiyatar. Bututu yana iya sake toshewa a koma asibiti, arha kuwa, in ji Hausawa, ba ta ado.

Sannan a tambayi likitan tiyata da wace jijiya zai yi sabuwar hanyar. Wadda ake ɗaukowa daga cikin ƙirji tana nan a buɗe bayan shekara 10 ga kusan mutum 9 cikin 10, ta ƙafa kuwa kusan rabi sukan toshe a wannan tsakanin.

A nemi asibiti ya rubuta farashin dalla-dalla: kwanakin ɗakin kulawa ta musamman, jini, gwaje-gwaje, da wanda zai biya idan rauni ya ruɓe aka ƙara kwanaki. Mai shirin zuwa Indiya ko Masar ya haɗa da kuɗin jirgi, biza, masauki da abincin mai jinya, ya kuma samu likitan zuciya a gida da zai ci gaba da duba shi. A sa makonni 6 zuwa 12 na rashin fita nema a cikin lissafi, da kuɗin asfirin da maganin rage kitsen jini, waɗanda za a ci gaba da sha har ƙarshen rayuwa ko da aikin ya yi kyau.